Yaƙi a Kan Farantin Jan Ƙarfe: Kundin Aikin Baje Kolin Hotuna

9 ga Janairu

Hukumar makaranta ta ba mu zauren karatu a zangon ƙarshe, saboda haka aiki ya tashi daga fatar baki. Abin da za mu baje shi ne hotunan yaƙi da Turawa suka buga a ƙarni na 17, zamanin da masana fasaha ke kira Barok, kowane hoto da bayaninsa da Hausa a ƙasa. Tarihi da rubutun bayani suna wuyana, zaɓen hoto da shirya bango suna wuyan malamin zane. Mun yanka wa kanmu iyaka: daga 1618, shekarar da aka jeho wakilan sarki ta tagar fadar Prague har Yaƙin Shekara Talatin ya ɓarke, zuwa ƙarshen ƙarnin. Bangon zai ɗauki hoto 24.

Samun hotunan bai ba mu wahala ba. Gidan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam da na Metropolitan a New York sun saki hotunan tsofaffin kayansu kyauta a intanet, ga kuma Gallica na ɗakin karatun ƙasar Faransa. Data ce kawai ke shan kashi.

Ga yadda ake yin irin wannan hoto, don duk bayanin da zai biyo baya a kansa ya dogara. Ana samun farantin jan ƙarfe a goge shi sumul. Daga nan hanya biyu ce. Ko dai a sassaƙa zanen kai tsaye da ƙarfe mai kaifin baki, aikin ƙarfin hannu da haƙuri, ko kuma a shafe farantin da danƙo, a yi zanen da allura har jan ƙarfen ya bayyana, a tsoma shi cikin ruwan asid ya cinye duk inda allura ta bi. Sai a cusa tawada cikin layukan, a share saman fes, a ɗora takarda mai danshi, a matse da injin naɗi. Faranti guda yana ba da ɗaruruwan kwafi. Abin da ya ja hankalin sarakuna ke nan. Zanen fenti a bangon fada ɗaya yake zama, sai wanda aka yi wa iso ke ganinsa. Takarda kuwa tana shiga jakar jakada, tana shiga shagon littattafai, tana tsallaka iyaka har ƙasar abokan gaba.

21 ga Janairu

Na daɗe a kan Breda, kuma ban yi da-na-sani ba.

Breda gari ne a kudancin Holan ta yanzu. A lokacin, mutanen Holan, waɗanda jagororinsu 'yan Furotesta ne, sun shekara fiye da hamsin suna neman ɓallewa daga sarkin Sifen, ɗan Katolika. A ƙarshen Agustan 1624 Ambrogio Spinola, mutumin Genoa da ke jan ragamar dakarun Sifen, ya yi wa garin ƙawanya. Bai ɓarnatar da mutanensa wajen hawan ganuwa ba. Ramuka ya haƙa, ya gina shingaye, wasu na hana na ciki fita, wasu na hana masu kawo ɗauki shiga, ya zauna ya bar yunwa ta yi masa aiki. Ranar 5 ga Yunin 1625 Justinus na Nassau, gwamnan garin, ya miƙa gari.

Isabella, 'yar Sarki Philip na 2, wadda ke riƙe da ɓangaren da ya rage a hannun Sifen daga Brussels, ita ta nemi a dawwamar da nasarar. Ta ɗauki Jacques Callot, haifaffen Nancy a masarautar Lorraine, wanda ya koyi sana'a a Roma ya kuma yi wa gidan Medici aiki a Florence. Faranti shida ya yi. In an haɗa takardun, faɗinsu ya kusa mita ɗaya da rabi, tsayi ya haura mita ɗaya. An fitar da shi a 1628.

Abin da ya tsayar da ni shi ne inda Callot ya ajiye idon mai kallo. Ƙasar Breda shimfiɗaɗɗiya ce, ba dutse ba tsauni. Babu wurin da ɗan Adam zai tsaya ya hangi abin da hoton ke nunawa. A ƙasan takardar mutane manya ne, kana ganin gashin tsuntsun da ke hular jarumi, da dawakai, da keken gimbiya da 'yan rakiyarta. Kana ɗaga ido sai ƙasa ta miƙe tsaye a hankali ta koma taswira: ga garin da ganuwarsa mai kusurwoyi, ga koguna, ga sansanoni, ga layin ramuka ya zagaye komai. Rundunoni sun zama murabba'ai masu tsinin masu. Na cikin garin, waɗanda suka yi wata tara suna fama da yunwa da annoba, ko ɗigo ba su samu ba. Idon da aka ba ka idon mai shirya yaƙi ne, kuma shi Isabella ta biya kuɗi a kai.

Duk da haka Callot bai iya riƙe hannunsa ba. A gefe-gefe akwai sojoji suna caca, wasu suna kwasar kayan ƙauyawa, ga gumaken rataya. Mai gida ta samu nasararta a tsakiya, shi kuma ya cika gefuna da abin da ya sani game da sansani.

Ta yaya ya iya cusa dubban mutane a takarda ba su cakuɗe ba? Abu uku ake jingina masa. Ya bar danƙo mai laushi da aka saba da shi ya koma ga mai tauri irin wanda masu ƙera kayan kiɗa na katako ke shafawa, wanda ba ya ɓarewa a cikin asid. Ya yi amfani da allura mai karkataccen baki wadda in ka juya ta layi zai yi kauri ko ya sirance. Sannan yana tsoma faranti sau da yawa: ya tsoma kaɗan, ya rufe abin da ke nesa don ya fito dishi-dishi, ya sake tsomawa don na kusa su yi baƙi ƙirin. Wannan zai shiga allon bayani na farko.

A ƙarshen bayanin Breda zan sa layi ɗaya: a 1637 mutanen Holan suka ƙwace garin a ƙarƙashin Frederik Hendrik. Nasarar shekara 12 ta yi. Farantin kuwa ya ci gaba da buga ta.

2 ga Fabrairu

Gwajin ɗab'i. A ƙaramar takarda hoton Breda ya zama hayaƙi. Mai shagon ya ba da shawarar leda irin ta fastocin siyasa, muka gwada, ƙyallinta ya kashe siraran layukan gaba ɗaya. Takarda mai kauri marar sheƙi ita ce mafita, kuma ita ce mai tsada. Manyan hotuna huɗu kawai za mu iya yi da ita a girmansu na asali.

Na biya ta wajen wani dattijo mai yanka hatimi a bakin kasuwa, don ina son ɗalibai su taɓa wani abu da hannu su gane cewa duk abin da ke kan faranti a juye yake. Na nuna masa rubutun da ke ƙasan wani hoto a waya. Ya kanne ido ya ce, "Wannan duk a baibai ya rubuta shi, a kan ƙarfe?" Na ce ƙwarai, Baba. Ya ce, "To, yaro, ka gaishe shi." Ya yarda zai yanka mana samfuri a roba.

15 ga Fabrairu

La Rochelle. Nan muka sami saɓani da malamin zane.

Garin tashar jiragen ruwa ne a gaɓar yammacin Faransa, kuma shi ne babbar mafakar Furotestan ƙasar, waɗanda ake kira Huguenot. Dokar Nantes ta 1598 ta ba su 'yancin ibada a wasu wurare da kuma garuruwa masu ganuwa da za su riƙe. Kadinal Richelieu, babban wazirin Louis na 13, bai ga yadda za a yi sarki biyu a ƙasa ɗaya ba. A 1627 aka kewaye garin. Ta tudu abu ne mai sauƙi. Ta ruwa ne matsalar take, don Ingila na iya kawo abinci da makamai. Sai aka gina katanga a cikin teku, tsawonta kusan mita 1,400, aka nutsar da jirage cike da duwatsu don su zama tushe, aka bar ƙaramar ƙofa a tsakiya saboda igiyar ruwa, aka jera igwa. Jiragen Ingila sun zo sau biyu a 1628 suka koma ba su keta ba. A ƙarshen Oktoba magajin gari Jean Guiton da mutanensa suka sallama. Garin da ke da mutum kimanin 27,000 ya tashi da kimanin 5,000.

Fadar Faransa ta ga abin da Callot ya yi wa Sifen, ta ce ita ma haka take so. Ya yi mata biyu, na La Rochelle da na tsibirin Ré inda aka kori sojojin Ingila da jagoransu Buckingham a 1627, kowanne faranti shida. Kyawunsu ba a magana. Teku cike da jirage, kowanne da igiyoyinsa da tutocinsa, katangar ta ratsa bakin ruwa a miƙe, sarki a kan doki a gaba.

Malamin zane na son a rataye shi a tsakiyar bango da ɗan gajeren bayani, a bar ido ya sha kallo. Ni na dage sai an rubuta lissafin nan biyu da manyan baƙaƙe. Ya ce, "Malam, kada ka mayar mini da bango allon darasi." Na ce masa mutum fiye da 20,000 sun salwanta a cikin ɗan da'irar nan da ya ce ta fi kyau a hoton, kuma hoton da gangan ya ƙi faɗa. Maroƙin fada ba lallai ya yi ƙarya ba. Zai ambaci garuruwan da aka ci, da sunan doki, da na takobi, duk gaskiya ne. Gawarwakin ne ba sa shiga kirari. In muka maimaita kirarin ba mu ƙara komai ba, mun shiga sahun maroƙan. Mun rabu a kan cewa lissafin zai shiga, amma da ƙananan baƙaƙe.

Akwai abin da zan ƙara a bayanin, don shi ne zai hana ɗalibi ɗaukar labarin a matsayin Katolika da Furotesta kawai. Wannan Kadinal ɗin da ya kashe Furotestan ƙasarsa da yunwa, shi ne a Janairun 1631 ya ƙulla yarjejeniyar ba Gustavus Adolphus na Suwidin, ɗan Furotesta, kuɗi don ya yaƙi sarkin daular Jamus, ɗan Katolika. A 1635 kuma Faransa ta shelanta yaƙi a kan Sifen. Addini na cikin maganar, ba wanda zai musa. Amma in ya ci karo da amfanin gadon sarauta, Richelieu ya san wanda zai ba hanya.

1 ga Maris

Zafi ya fara, wuta ba ta zama, aikin dare ya gagara. Duk da haka na gama rubuta bayanin jerin da kowa ya san Callot da shi, wato hotuna 18 na masifun yaƙi da Israël Henriet ya buga a Paris a 1633.

Bayan manyan taswirorin nan, ƙanƙantarsu ce ke fara ba mutum mamaki. Kowanne tsayinsa kusan santimita 8 ne, faɗi kusan 18, da baitoci shida na Faransanci a ƙasa. Dole ka sunkuya ka kusanto. Kuma ido ya sauko ƙasa, kana tsaye ne a cikin taron.

Jerin yana tafiya kamar labari. Ana ɗaukar sojoji. Ana gwabzawa, kuma hoto ɗaya tak aka ba fagen daga. Daga nan sai sojoji suka bazu cikin ƙasa: sun washe masauki, sun shiga gidan gona suna yanka mutane, sun rataye wani da ƙafa a kan wuta don ya faɗi inda ya ɓoye dukiya, sun cinna wa majami'a wuta suna jan mata masu ibada, sun ƙone ƙauye, sun tare keken matafiya a daji. Sai aka kama su, hukunci ya biyo baya har hoto biyar. Na sha ɗaya shi ne wanda ya fi shahara: katafariyar bishiya, mutum kusan ashirin na lilo a rassanta, limamin coci a kan tsani yana miƙa wa na gaba gicciye, wasu biyu a gindin bishiyar suna jefa ɗan lido a kan ganga, runduna ta yi sahu tana kallo. Bayan haka guragu a ƙofar asibiti, mabarata na mutuwa a bakin hanya, sannan manoma sun yi wa sojoji kwanton ɓauna da lauje da sandunan sussuka. Na ƙarshe, sarki a kan karaga yana raba lada ga jarumai na gari.

Mutane da yawa na kiran wannan jeri kukan adawa da yaƙi. Ni ban tafi can gaba ɗaya ba. Da izinin sarkin Faransa aka buga shi, kuma hoton ƙarshe ya rufe da cewa mai mulki na hukunta mugu yana saka wa nagari. Ana iya karanta shi a matsayin nasiha ga kwamandoji: ku biya sojojinku, ku ladabtar da su. Sojojin lokacin galibi na haya ne, albashi na yin watanni bai zo ba, abin da suka ƙwata shi ne abincinsu. Sai dai ko me Callot ya nufa, ya ba fagen daga hoto ɗaya ya ba abin da ke biyo baya goma sha huɗu, kuma bai sa wa kowa tambarin ƙasa ko na ɗarika ba. Ba za ka ce wannan Bafaranshe ne ko ɗan Lorraine, Katolika ko Furotesta ba. A duk hotunan da muka tara, waɗannan ne kaɗai ba su gaya maka wanda za ka ƙi ba.

A shekarar da aka buga su ne dakarun Louis na 13 suka shiga Nancy, garin Callot. Akwai labarin da marubutan baya suka kawo cewa sarki ya nemi ya zana wannan nasarar ma, ya ce gara ya yanke babban yatsansa. Zan sa shi a bayani da "an ce" a gabansa. Callot ya rasu a 1635, ya bar hotuna fiye da 1,400.

Shida daga cikin 18 za mu rataye, a jere, daidai tsayin ido. Malamin zane ya kawo shawarar a ɗaura madubin ƙara girma da igiya a gefe. Na gidan gonar muna shawara ko ya dace da 'yan aji ɗaya.

12 ga Maris

Jamus ba ta samu wuri sosai ba, alhali a can aka fi shan wuya. Hoto biyu na Matthäus Merian muka ɗauka, mutumin Basel da ya kafa shago a Frankfurt: na jeho wakilai ta taga, da na faɗuwar Magdeburg a Mayun 1631, lokacin da dakarun Tilly da Pappenheim, kwamandojin ɓangaren Katolika, suka fasa garin Furotesta, wuta ta cinye shi, mutum kimanin 20,000 suka halaka. Merian ɗan kasuwa ne, labari yake sayarwa, hotonsa a natse yake: kogi, gada, hayaƙi, layin sojoji. Wasu takardun da aka buga a lokacin kuwa biki suka mayar da abin, wai Tilly ango ne garin kuma amarya, saboda akwai budurwa a tambarin garin. Na nemi mu sa ɗaya, malamin zane ya ce zanen ba shi da kyau. Gaskiyarsa, amma muninsa ne dalilina. Ban ci wannan gardamar ba.

30 ga Maris

Da Louis na 14 abin ya zama ma'aikata. Wazirinsa Colbert ya tsara a riƙa sassaƙa fadojin sarki, da bukukuwansa, da garuruwan da ya ci, a ɗaure su cikin manyan kundaye a riƙa ba jakadu da sarakunan waje kyauta. An ɗauko Adam Frans van der Meulen daga Brussels yana bin sarki zuwa fagen yaƙi yana zana garuruwa, wasu kuma su mayar da zanen kan jan ƙarfe. Kusan tsari ɗaya ne kullum: sarki a gaba a kan doki, ya juyo yana kallonka, sanda a hannu tana nuna wani gari can nesa da hayaƙi ke tashi a kansa. Har kalandar bango da ake bugawa a Paris kowace shekara, kwanakin wata ɗan gurbi suke samu a ƙasa, sauran takardar nasarar bara ce. Da yawa daga farantan suna nan a gidan tarihi na Louvre a Paris har yau, ana ma buga sababbin kwafi da wasunsu. Hoto biyu sun ishe mu a nan, don wanda ya ga ɗaya ya ga goma.

A gefensu za mu rataye amsar Holan. A 1672 Louis ya tsallaka kogin Rhine ya mamaye ƙasarsu. A ƙarshen Disamba dakarunsa a ƙarƙashin kwamandansu mai suna Luxembourg suka bi ta kan ƙanƙara don su kai ga zuciyar ƙasar, ƙanƙara ta narke, suka juya, a hanya suka ƙone ƙauyukan Bodegraven da Zwammerdam suka kashe mutane. Romeyn de Hooghe na Amsterdam ya zana abin a 1673, kuma bai bar komai ba: jarirai a wuta, mata a hannun sojoji, gawa a ko'ina. Ta'asar ta faru. Amma masana sun nuna cewa irin waɗannan siffofi an riga an yi amfani da su shekaru da dama a baya a kan sojojin Sifen, aka sauya wa azzalumin riga kawai. Wanda aka zalunta ma yana da injin ɗab'i, yana kuma da abin da yake so ka ji. De Hooghe daga baya ya zama babban mai yi wa William na Orange, shugaban Holan, farfaganda.

18 ga Afrilu

Na kai wa 'yan ajin ƙarshe kwafin hotunan Viyana don in ga yadda za su karɓe su kafin a rataye. Na san nan ne bangon zai fi zafi.

Tarihin a taƙaice: a tsakiyar Yulin 1683 Babban Waziri Kara Mustafa Pasha ya sauka da rundunar Daular Usmaniyya a bakin Viyana, a zamanin Sultan Mehmed na 4. Sarki Leopold na 1 ya riga ya fice daga garin, ya bar kwamandansa Starhemberg da tsaro. Wata biyu ana yaƙin ƙarƙashin ƙasa, Turkawa na haƙa rami su cusa albarushi a gindin ganuwa, na ciki na haƙa nasu don su tare su. Ranar 12 ga Satumba rundunar ɗauki ta gangaro daga tudun Kahlenberg a ƙarƙashin Jan Sobieski, sarkin Polan, aka watse sansanin Waziri. A ranar 25 ga Disamba aka zartar masa da hukuncin kisa a Belgrade bisa umarnin Sultan. De Hooghe ya yi jerin hotuna a kan wannan daga Holan, cike da ƙura da dawakai da tantuna, kuma hotunan ramukan nan na ƙarƙashin ƙasa suna cikin mafi ƙarfi da na gani a aikinsa.

Ajin ya yi tsit, sannan wata ɗaliba ta ce, "Malam, wato wannan murnar cin Musulmi ce za mu rataye a makarantarmu?" Tambaya ce da ta cancanci amsa, kuma ban so in shafa mata mai a baki ba. Na ce e, masu buga hotunan haka suka nufa, kuma Sobieski da kansa ya rubuta wa Fafaroma Innocent na 11 cewa sun zo, sun gani, Allah ya yi nasara. Sannan na karanta musu abin da takardar ta bari a waje. Imre Thököly, jagoran Furotestan Hangari, yana gefen Sultan, don ya fi tsoron Leopold. A cikin rundunar Sobieski akwai Tatar na Lipka, Musulmi, mahaya da suka daɗe suna yi wa Polan yaƙi. Louis na 14, wanda ake wa laƙabi da sarki mafi Kiristanci, bai aika ko soja ɗaya ba, ya ma yi amfani da damar ya far wa yankunan Sifen, ya ci birnin Luxembourg a 1684. Mai zanen yana buƙatar gicciye a dama da jinjirin wata a hagu don hoto ya sayu. Filin yaƙin bai rabu haka ba.

Sai na ba su labarin tutar. An kama wata babbar tuta mai rubutun Larabci a sansanin Waziri, aka ɗauka ita ce tutar Manzon Allah (SAW) da Usmaniyawa ke fita da ita, aka aika wa Fafaroma a Roma, aka sassaƙa hotonta aka yaɗa. Wani malamin coci masanin Larabci, Ludovico Marracci, ya rubuta bayanin abin da ke jikinta. Ba ita ba ce. Ta ainihin an tsere da ita, tana fadar Topkapi a Istanbul. Ajin ya ɓarke da surutu, wani yaro daga baya ya ce ai ko a waya haka ake yi, a ɗauko hoton wani wuri a ce na wani ne. Ban ƙara masa komai ba.

Shawarar da muka yanke: Viyana za ta samu hoto uku, kuma bayaninta zai fi na kowa tsawo. Ɗalibar ta nemi ta taya ni rubuta shi, na amince.

2 ga Mayu

Kusurwar ƙarshe ta bango ita ce 1685. A Oktoban shekarar Louis na 14 ya soke Dokar Nantes. Tun 1681 ake sauke sojoji a gidajen Huguenot su ci su sha su gallaza wa masu gida har sai sun sauya ɗarika. Bayan sokewar aka rushe majami'unsu, aka kori limamansu, aka hana sauran mabiya fita daga ƙasar. Duk da haka kimanin 200,000 suka sulale zuwa Holan, Ingila, Suwizalan da Brandenburg, wasu har kudancin Afirka, inda suka fara sauka a yankin Cape a 1688.

Hoto biyu za su fuskanci juna. Na Sébastien Leclerc yana nuna rushe babbar majami'ar Charenton da ke wajen Paris: ma'aikata a kan rufi, igiyoyi, katako na faɗowa, komai cikin tsari, sai ka ce aikin gini ne. Na De Hooghe an raba shi gida-gida, kowane gida da irin azabarsa. Shekara ɗaya, doka ɗaya. A nan na yarda da malamin zane, bayani gajere ya wadatar: sunan mai zane, garin da aka buga, da wanda yake yi wa aiki.

11 ga Mayu

An buga hoto 19, saura biyar, ciki har da La Rochelle da ke jiran takarda mai kauri ta iso daga Kano. Kafinta ya kawo firam ɗin farko, katakon ya yi nauyi ga ƙusoshin bangon, zai rage kauri. Samfurin roba na wajen Baba ya iso, ya yanka doki da mahayi da kalmar Breda a juye, kuma ya fito tsaf da tawadar hatimi. Bayanin Viyana na hannun ɗalibar, ta ce za ta kawo bayan jarrabawar gwaji. Hoton gidan gona zai shiga, amma a bangon ciki inda sai da malami ake zuwa. Gobe zan zauna da mataimakin shugaban makaranta a kan ranar buɗewa da kuɗin fitilu.